Yadda Malamin Kemistiri Zai Gano Abin da Ɗalibai Suka Fahimta, Ya Kuma Auna Hanyar Koyarwarsa

Akwai ɗalibin da zai daidaita ikweshan (rubutun alamomin da ke nuna yadda sinadarai ke haɗuwa) a allo ba gargada, ya ci lissafin mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari), amma da an ce ya zana abin da ke faruwa tsakanin ƙwayoyin sinadaran sai alli ya tsaya a hannunsa. Masu bincike kan koyar da kemistiri sun daɗe da auna wannan giɓi. A 1985 William Yarroch ya zauna da ɗaliban sakandare 14 a Amurka. Dukkansu sun daidaita ikweshan ɗin da ya ba su, amma bakwai daga ciki sun kasa zana hoton da ya dace da abin da suka rubuta da hannunsu. Wanda ya rubuta 3H₂ sai ya zana atam shida sarƙe da juna, maimakon tagwaye uku. A 1987 kuma Susan Nurrenbern da Miles Pickering suka ba ɗaliban jami'a tambayoyi iri biyu kan dokokin gas. Na lissafi an ci su sosai. Da aka nuna musu hoton tankin ƙarfe cike da haidurojin, aka ce an sanyaya shi daga digiri 20 zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, su zaɓi yadda ƙwayoyin za su kasance, da yawa sun zaɓi hoton da ƙwayoyin suka cure a tsakiya ko suka kwanta a ƙasa. Alhali haidurojin ba ya zama ruwa sai wajen digiri 253 ƙasa da sifili, don haka ƙwayoyin na nan warwatse ko'ina a cikin tankin.

Wannan magana ta shafi kowane malami mai shirya yara don WAEC da NECO, domin makin lissafi na iya rufe ramin rashin fahimta har shekara uku, sai an kai ga taitireshan (auna ƙarfin sinadari ta hanyar ɗiga masa wani a hankali) ko lissafin sinadaran da ya wuce hadda sannan ramin ya bayyana. Abin da ke tafe shi ne yadda malami mai aji biyu na SS1 zai gano ramin, ya gwada wata hanyar cike shi, ya kuma auna ko hanyar ta yi aiki, duka a cikin zango ɗaya, da kayan da ake samu a kasuwa.

Zaɓar maudu'i

A ɗauki maudu'i ɗaya tak, ƙarami, wanda za a iya koyarwa a darasi huɗu na minti 40. "Fahimtar kemistiri" ya yi faɗi, ba a iya auna shi. Misalin da za mu bi a nan shi ne dokar da Lavoisier ya kafa a rubuce a 1789, cewa nauyin sinadarai ba ya ƙaruwa ba ya raguwa idan suka sauya kama a rufaffen mazubi. Kowane ɗalibi na iya rera ta, amma kaɗan ne suka yarda da ita a zuci, domin abin da ido ke gani kullum kamar ƙaryata ta yake yi: buhun gawayi ya koma 'yar toka, sukari ya ɓace a shayi, kyandir ya ƙare.

A fara da sauraro

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, a zauna da ɗalibai shida zuwa takwas ɗaya bayan ɗaya, minti goma kowanne. A haɗa da masu ƙoƙari, da na tsakiya, da na baya, maza da mata in makarantar ta haɗa. Zai fi kyau a ɗauko su daga wani aji dabam da waɗanda za a yi binciken da su. A ajiye abu a gabansu: kofin ruwa da cokalin sukari, ƙusa mai tsatsa, guntun gawayi. Sai a tambaya: "Ina sukarin ya tafi?" "Da za mu auna wannan ƙusa kafin ta yi tsatsa da kuma yanzu, me kike tsammani?" "Kumfar da ke tasowa a tafasasshen ruwa, mene ne a cikinta?"

Wannan tambaya ta ƙarshe tsohuwa ce a fagen. Roger Osborne da Mark Cosgrove sun yi wa yaran Niyuzilan ita a 1983, suka tarar da yawa na cewa iska ce, ko zafi, ko oksijin da haidurojin, maimakon tururin ruwa. George Bodner ya maimaita ta a 1991 ga waɗanda suka riga suka gama digirin farko suka shigo karatun gaba a kemistiri, nan ma aka samu adadi ba kaɗan ba da suka faɗi haka. Kuskuren da ba a taɓa shi ba, yana bin mutum har girma.

Dokar hirar uku ce. Kada a gyara wa yaro amsa, ko da fuska. Kada a ba shi kalmar da zai kama. In ya yi shiru a ce "ƙara yi mini bayani". Sannan a rubuta maganarsa yadda ta fito daga bakinsa. A yi hirar da Hausa in da ita yaron ya fi sakewa. Alex Johnstone da Ditshupo Selepeng sun auna ɗaliban Botswana da ke koyon kimiyya da Ingilishi, a binciken da aka buga a 2001, suka ga aiki da harshe na biyu na cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa lokaci guda. Yaron da ya yi shiru da Ingilishi ko Faransanci sau da yawa yana da cikakken ra'ayi a kansa, daidai ne ko kuskure, kuma ra'ayin ake nema. A kula musamman idan ya ce abu "ya narke": a bi shi a ji ko irin narkewar ƙanƙara yake nufi ko irin ta sukari a ruwa, domin yara da yawa abu ɗaya suke ɗaukar su.

Tambayoyi masu hawa biyu

Daga maganganun yaran ne za a gina takardar awo. Tsarin da David Treagust na Ostireliya ya bayyana a 1988 shi ya fi dacewa: kowace tambaya hawa biyu ce, na farko amsa, na biyu dalili. Ga misali.

An auna ƙusa, giram 10. Aka bar ta a waje har ta yi tsatsa, kuma ba abin da ya kankare daga jikinta. Nauyinta yanzu: (A) bai kai giram 10 ba, (B) giram 10 daidai, (C) ya wuce giram 10.

Dalilina: (1) tsatsa na cinye ƙarfe, (2) tsatsar dama tana cikin ƙarfen, fitowa ta yi, (3) ƙarfen ya haɗu da oksijin da danshin da ke cikin iska, (4) ƙura ce ta manne wa ƙusar.

Ba a ba da maki sai an dace da hawa biyun, wato C da 3. Mai canki-canka damarsa ɗaya ce cikin 12, alhali a tambaya mai zaɓi huɗu ɗaya ce cikin huɗu. Amma babbar ribar tana wajen amsoshin kuskure. Dalilan ƙarya ukun dole su fito daga bakin ɗaliban da aka yi hira da su. In malami ya ƙirƙiro su daga kansa, yara za su gane su ba wahala, su kauce, takardar ta nuna fahimtar da babu ita. Masu wannan irin bincike sukan ɗauki duk kuskuren da kashi 10 cikin 100 na aji ko fiye suka zaɓa a matsayin wanda ya cancanci a tsaya a kansa.

Tambaya goma ta isa, a amsa cikin minti 25. A tabbatar aƙalla biyu na zane ne: akwati mai ɗauke da 'yan da'irori kafin haɗuwa, ɗalibi ya zana bayan haɗuwa. A ba wani malamin kemistiri ya amsa takardar shi kaɗai. Duk inda kuka saɓa, tambayar ce ke da matsala. Sannan a gwada ta a kan yara biyar na wani aji, a tambaye su wace kalma ce ta ɗaure musu kai.

Ranar awon farko a gaya wa ɗalibai gaskiya cewa wannan ba ya cikin makin zango, ana son sanin tunaninsu ne. Kowa ya rubuta lamba maimakon suna, malami ya riƙe jerin lambobin a wajensa. A nemi izinin shugaban makaranta tun farko. A karɓe takardun duka, kada a yi gyara a aji, domin da su za a sake awo. Ajin biyu su zauna rana ɗaya, in da hali darasi na bin darasi, kafin tambayoyin su yaɗu lokacin tara.

Darasin gorar roba

Aji ɗaya za a koyar da shi yadda aka saba: bayani, rubutu a allo, misalan lissafi. A yi shi da gaske, da iya ƙoƙari, in ba haka ba kwatancen ba shi da amfani. Ɗaya ajin kuma a bi tsarin da Richard White da Richard Gunstone suka yaɗa a 1992, mai mataki uku: hasashe, kallo, bayani.

Kayan aiki: gorar roba ta lemo mai gas, mai cin lita ɗaya, da murfinta mai kyau, ruwan khal (binega) fari mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, mililita 50, bekin soda giram 2, tishu falle ɗaya, da sikelin lantarki mai nuna aƙalla giram 0.1. Ƙaramin sikelin da masu sayar da gwal ke amfani da shi, mai nuna 0.01, ya fi kyau in zai ɗauki giram 200. Sikelin kicin mai tsalle giram ɗaya-ɗaya ba zai nuna komai ba.

A zuba ruwan khal a gorar. A ƙunshe hodar a tishu, a murɗe ta siririya yadda za ta shige bakin gora. A ɗora gorar da murfin da ƙunshin gaba ɗaya a kan sikeli, wani ɗalibi ya karanta nauyin da ƙarfi, wani ya rubuta a allo. Nan sai a tsaya. A ce: "Zan jefa ƙunshin nan ciki in rufe gam. Za ku ga kumfa, hodar za ta ɓace. Nauyin zai ƙaru, zai ragu, ko yana nan? Kowa ya rubuta amsarsa da dalili ɗaya." A ba su minti uku, a zagaya a ga kowa ya rubuta da biro. Wannan matakin shi ne zuciyar darasin, kuma shi aka fi tsallakewa saboda sauri. An ce gani ya kori ji, amma ɗalibin da bai ɗaure kansa da hasashe a rubuce ba, yakan kalli gwajin kamar wasa, daga baya ya ce ai dama ya sani, tsohon ra'ayinsa na nan daram.

Sai a jefa ƙunshin, a rufe nan take. Tishun zai ba da 'yan daƙiƙoƙi kafin ruwan ya ratsa. A girgiza a hankali har kumfar ta kwanta, a miƙa wa na gaba su taɓa su ji yadda gorar ta yi tauri, kuma ta ɗan yi sanyi. A mayar kan sikeli. Nauyin zai tsaya inda yake, ko ya bambanta da abin da bai wuce 0.1 ba. A sake neman hasashe na biyu kafin a buɗe: "In na sassauta murfin fa?" A juya bakin gorar nesa da fuskar kowa, a sassauta a hankali, a ji fitar iskar, a sake aunawa tare da murfin.

Ga lissafin da malami zai riƙe a kansa. Mol ɗaya na bekin soda, NaHCO₃, giram 84 ne, don haka giram 2 mol 0.024 ne. Mililita 50 na ruwan khal na ɗauke da kusan mol 0.042 na asid, ya isa ya cinye hodar duka har da saura. Za a samu mol 0.024 na CO₂, gas ɗin da ke tayar da kumfar, wato kusan giram 1.05, mai cika sama da rabin lita kaɗan a zafin ɗaki.

Inda ake samun matsala

Idan aka buɗe murfin, sikeli ba zai nuna ragin giram 1.05 cif ba. Abin da za a gani wajen 0.7 zuwa 0.8 ne. Dalili shi ne abin da ya fita gauraye ne na CO₂ da iskar da ke cikin gorar tun farko, wadda ta fi shi sauƙi. Wani kaso na CO₂ ya zauna a gorar, kaɗan kuma ya shige cikin ruwan. Kada a ɓoye wa yara wannan bambanci. Tambaya ce mai kyau ga masu ƙoƙarin ajin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaura balan-balan a bakin gora maimakon murfi. Yana da kyan gani, amma yana rushe darasin. Yayin da balan-balan ya kumbura da rabin lita, yana ture rabin litar iskar ɗaki, ita kuma tana tallafe shi sama. Lita ɗaya ta iska kusan giram 1.2 ce, saboda haka sikeli zai nuna ragin wajen giram 0.6 zuwa 0.7 ko da ba abin da ya tsere. Yaran da suka ce nauyi zai ragu sai su ga sun yi gaskiya, malami kuma ya koma kame-kame. Gora mai tauri ba ta kumbura yadda zai dami awon, shi ya sa ita ake so.

Sauran kuwa ƙanana ne amma suna ɓata aiki. Hodar yin kek da ake kira bekin foda ba ita ce bekin soda ba. An gauraya ta da sitaci da wani asid, gas ɗinta bai kai ba, lissafin ba zai fito ba. Gorar ruwan sha sirirya ce, murfinta na yoyo. Kwalbar gilashi kuwa haramun ce a wannan gwaji, tana iya fashewa. Kada a wuce giram 2 a gorar lita ɗaya, kuma mai riƙe da ita ya sa tabarau na kariya. A kashe fanka, a rufe tagar da ke kusa, domin iska na kaɗa sikeli. A goge jikin gorar kafin kowane awo. Malami ya gwada komai sau biyu shi kaɗai kwana ɗaya kafin darasin, da kayan da zai shiga aji da su.

Daga abin da ido ya gani zuwa alamomi

Alex Johnstone na Jami'ar Gilasgo a Sikotland ya bayyana tun 1982 cewa kemistiri mataki uku ne: abin da ake gani a taɓa, ƙwayoyin da ba a gani, da alamomin da ake rubutawa. Malami na tsalle tsakaninsu a jimla ɗaya bai ma sani ba, ɗalibi kuwa ya ɓace tun a tsallen farko. Shi da Hassan El-Banna sun nuna a 1986 cewa da zarar tambaya ta buƙaci a riƙe abubuwa fiye da biyar ko shida a lokaci guda, cin ɗalibai faɗuwa yake yi warwas, ba a hankali ba. Ƙwaƙwalwar aiki kamar tafin hannu take: in ya cika da gero, abin da aka ƙara zubewa yake yi.

Saboda haka darasi na biyu na ƙwayoyi ne zalla, ba ikweshan. A tara murafun kwalba kala huɗu, ko wake da masara da gyaɗa da tsakuwa. Kada a fara da gwajin gorar, ya yi yawa. A fara da gawayi: baƙin murfi ɗaya kabon, jajaye biyu manne da juna oksijin. Kowane rukuni na yara huɗu ya shimfiɗa su a gefen hagu na takarda, sannan ya sake jera su a gefen dama a matsayin CO₂. Sharaɗi ɗaya ne: ba a ƙara murfi, ba a sa murfi a aljihu. A tambaye su ina nauyin buhun gawayi ya tafi. Sai a darasi na uku a kawo alamomi, a rubuta C + O₂ → CO₂ a ƙarƙashin zanen, da 12 + 32 = 44. Daga nan a koma gorar: NaHCO₃ + CH₃COOH → CH₃COONa + H₂O + CO₂. Murfi 14 kowane rukuni ke buƙata: sodiyam 1, kabon 3, haidurojin 5, oksijin 5. Hagu 84 da 60, dama 82 da 18 da 44, kowane gefe 144.

A raba allo gida uku, a rubuta a saman kowanne: abin da muka gani, ƙwayoyi, alamomi. Duk maganar da malami zai yi, ya tsaya a gaban gidan da take. A kuma faɗa ƙarara cewa atam ba shi da launin murfin, ba shi da taurinsa, kuma tsakanin ƙwayoyin gas ba iska ba ce, fili ne wayam. In ba a faɗa ba, kayan misalin da kansu za su haifar da sabon kuskure.

Ƙuri'a da muhawara

Darasi na huɗu na tambayoyi ne, bisa tsarin da Eric Mazur ya fara a Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1990. Yana aiki ko a aji mai mutum 80. A rubuta tambaya ɗaya a allo mai zaɓi huɗu, wadda ba ta cikin takardar awo. Minti ɗaya shiru. Sai kowa ya nuna zaɓinsa da yatsu a kan ƙirjinsa, inda malami kaɗai ke gani; ɗaga hannu sama na sa a bi yaron da aka san ya fi kowa. Idan masu daidai sun kai tsakanin kashi 35 da 70 cikin 100, a ce kowa ya nemi maƙwabcin da suka saɓa, ya shawo kansa cikin minti biyu, sannan a sake ƙuri'a. Ƙasa da haka, ajin bai da abin muhawara, malami ya sake bayani ta wata fuska. Sama da haka, a taƙaita a wuce.

Wani zai ce ai kwafar amsa kawai za su yi daga wanda ya sani. Michelle Smith da abokan aikinta sun gwada wannan a Jami'ar Kolorado, aka buga a 2009: bayan muhawara sai suka ba da sabuwar tambaya mai kama da ta farko, kowa ya amsa shi kaɗai, kuma cin ya ƙaru, har a rukunin da ba wanda ya san amsar da farko. Akwai kuma gyara mafi arha duka. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira daƙiƙa ɗaya ne kacal bayan tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara. A ƙirga uku a zuci kafin a kira suna, a sake ƙirga uku bayan yaro ya yi shiru.

Duk wannan ba yana nufin a sakar wa yara aji su gano dokar da kansu ba. Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun tattara hujjoji a 2006 cewa sabon shiga ba ya koyo da kyau in ba jagora. Bayan hasashe da kallo da muhawara, malami ne zai tsaya ya ɗaure maganar da bayani bayyananne, ya ambaci kowane kuskure da sunansa, ya nuna inda ya karye.

Awo na biyu da karanta sakamako

Mako ɗaya bayan darasi na ƙarshe a sake ba da takardar nan, an dai sauya jerin tambayoyin. A lissafa waɗanda suka zauna awo biyun kaɗai. A fitar da matsakaicin makin kowane aji bisa 100, sannan a yi lissafin da Richard Hake ya yi amfani da shi a 1998: a cire makin farko daga na biyu, a raba da abin da ya rage tsakanin makin farko da 100. A ce aji ya tashi daga 30 zuwa 58: 28 a raba da 70, ya ba da 0.40. Ɗayan ya tashi daga 35 zuwa 48: 13 a raba da 65, ya ba da 0.20. Amfanin wannan shi ne yana la'akari da cewa ajin biyu ba daga wuri ɗaya suka taso ba. Hake ya duba kwasa-kwasan fiziks 62 masu ɗalibai sama da 6,000, ya samu matsakaicin 0.23 a inda ake lacca zalla, da 0.48 a inda ɗalibai ke aiki da kansu. Ƙasa da 0.3 ya kira shi ƙarami, daga 0.7 zuwa sama babba. A 2014 Scott Freeman da abokansa suka haɗa bincike 225 na fannonin kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka ga faɗuwa a kwas kashi 33.8 ce a ajin lacca, 21.8 a ajin da ɗalibai ke aiki da kansu. Waɗannan alƙaluma akasari na jami'o'i ne, kuma akasari na Amurka, shi ya sa awon da malami ya yi a ajinsa na Gusau ko Azare ke da daraja ta kansa.

Kada a tsaya a matsakaici. A zana jadawali, kowace tambaya layi ɗaya, a rubuta yawan waɗanda suka zaɓi kowane dalilin kuskure kafin da bayan. A nan ake ganin abin da ya mutu da abin da ya ƙi mutuwa. Abu ne mai yiwuwa yara su yarda da gorar da suka gani, amma su ci gaba da cewa ƙusa mai tsatsa ta rage nauyi. In haka ta faru, gwajin suka haddace, dokar ba ta shige su ba tukuna, kuma an san inda darasi na gaba zai dosa.

Bambanci tsakanin aji biyu na iya zuwa daga abin da ba hanyar koyarwa ba. In makaranta na zuba masu ƙoƙari a ajin A, kwatancen ya karkace tun daga tushe, kuma awon farko zai nuna hakan. Tazarar da ta wuce maki 10 abin lura ce. Darasin safe ba ɗaya yake da na bayan tara a watan Afrilu ba. Sabon abu na sa yara zumuɗi na mako biyu. Malami kansa yakan fi ƙwazo a hanyar da yake so ta yi nasara, saboda haka yana da kyau wani abokin aiki ya zauna a bayan ajin biyu, kuma shi ya yi makin takardun ba tare da sanin na wane aji ba ne. Tazara ƙarama, irin 0.30 da 0.34 a aji mai mutum 40, ba ta isa a gina hukunci a kanta ba.

Bayan mako huɗu zuwa shida a sake awo na uku ba tare da sanarwa ba, domin abin da aka haddace yakan zube a wannan tsakanin, abin da aka fahimta ya tsaya. Da an gama shi, ajin da bai ga gorar ba a yi masa darasin, haƙƙinsa ne. A maudu'i na gaba kuma a musanya: ajin da ya samu tsohuwar hanya ya karɓi sabuwa, ɗayan ya koma ta da. Idan ribar ta bi hanyar zuwa ɗaya ajin, to hanyar ce ke aiki, ba yaran ba. A adana takardar awon, da jadawalin kurakurai, da ainihin maganganun yaran ba tare da sunayensu ba, a kai taron sashen kimiyya na makaranta ko na reshen ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN a jiha, domin malamin wata makaranta ya gwada takardar nan a nasa ajin a ga ko sakamakon zai maimaitu.